Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Iyaye Da Dattawan Garinmu Kan Gonar Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka, Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, Sarkin Noma, shugaban kwamitin iyaye da malamai da 'yan kwamitinsa, da iyayenmu mata da ke cikin gidaje.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan an yi kaka lafiya, na rubuto ne a kan maganar da ke yawo tun bayan zaman kwamiti na ƙarshe, wato shawarar a bayar da gonar makaranta haya ga wani ɗan kasuwa na wasu shekaru, a karɓi kuɗin a dunƙule a gyara rufin azuzuwa. Ni ne malamin aikin gona a makarantar, kuma ban isa in ja da manyana ba. Sai dai zaman nan ba a kira iyaye mata ba, ba a ji ta bakin yara ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka zauna daga bakin hanya suka san gonar. Shi ya sa na ga gara in rubuta a fili, wanda bai iya karatu ba a karanta masa a zaure.

Ban musa ba, rufin na yoyo. Duk ruwan da aka yi a watan Yuli sai an kwashe 'yan aji ɗaya an cusa su cikin 'yan aji biyu, washegari a shanya littattafai. Wanda ya kawo shawarar haya ba mugunta ce ta sa shi ba, mafita yake nema. Roƙona shi ne a san abin da za a bayar kafin a bayar. A idon mai wucewa gona ce kawai, 'yan kadada da turken awaki da akurkin kaji. A wurinmu kuwa ita ce aji mafi girma a makarantar, kuma ita kaɗai ce ajin da bai damu da rufi ba.

Kafin a kaɗa ƙararrawar taron safe yara sun riga sun rabu kashi-kashi. Wasu na turke suna share kashin awaki suna kaiwa ramin taki, wasu na zuba harawa da dusa, wasu na akurki suna canza wa kaji ruwa suna ƙirga ƙwai, a rubuta a littafi kafin a taɓa ko ɗaya. Kowane kashi da shugabansa, duk mako ake juyawa. Akwai yaran da ke zuwa mana daga rugage. A cikin aji ba ka jin bakinsu, Turanci ya ɗaure musu harshe, wasu Hausar ma ba ta gama zauna musu ba. Amma a kai su turke. Yaro zai hango akuya daga nesa ya ce wannan ba ta da lafiya, ya kama ta, ya ja fatar idonta ya nuna wa 'yan'uwansa yadda ta yi fari fat, ya ce tsutsar ciki ce ta shanye mata jini. Abin da littafi ya faɗa ke nan, shi kuwa a bayan garken ubansa ya koya. Yaron da ya taɓa ganin 'yan ajinsu sun kewaye shi suna saurare, ba ya komawa kujerar baya ya sunkuyar da kai.

Lissafi ma a gona ya fi shiga. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, kowane yaro kan zo da irin gero ko dawa daga rumbun gidansu, ya ƙirga ƙwaya 100, ya jera a kan jiƙaƙƙen tsumman buhu, ya naɗe, ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa. Bayan mako guda a warware a ƙirga waɗanda suka tsiro. In 90 suka fito, iri na da kyau. In 50 ne, ko a sake iri ko a ƙara abin da ake jefawa a rami. Yaron da aka daɗe ana fama da shi a allo kan "kashi cikin ɗari" a nan yake gane shi, don da yatsunsa ya ƙirga. Kuma sakamakon gida yake kai wa, tunda irin na babansa ne.

Idan ruwa ya zauna, gefe guda mukan shuka irin gida, gefe guda irin da aka inganta: geron sosat da cibiyar bincike ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoma, da gyaɗa da wake na cibiyar Samaru ta Zariya. Ba na gaya musu wanne ya fi. Su za su auna da kwano da kaka, su rubuta. Wata shekarar na zamani ya yi gaba, musamman in ruwa ya ɗauke da wuri. Wata shekarar na gida ya fi ba da kara da harawa, abin da mai dabba ba zai raina ba.

Darasin da na fi so kowa ya gani shi ne na wuta-wuta. Babu manomi a garin nan da bai san ta ba, da furenta mai ɗaukar ido, kuma kowa ya san dawar da ta kama ba ta abin kirki. Amma manya da yawa ba su taɓa ganin yadda take ɓarnar ba. Mukan haƙo gindin dawa da ƙasarsa, mu sa a bokiti mu wanke a hankali, yara sun yi da'ira sun zuba ido. Sai ga saiwar wuta-wuta ta manne a jikin saiwar dawa, tana zuƙe ruwa da abincin da dawar ta jawo wa kanta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin ido ya gan ta, ta riga ta yi ɓarna mai yawa. Tushe ɗaya na iya zubar da iri dubbai barkatai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin na iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran a shuka hatsi. Yaron da ya ji haka ba sai an ce masa ya tuge ta kafin ta yi fure ba, ya kuma ƙone ta, kada ya jefar a kan iyaka ta koma gonar maƙwabci. Daga nan sai mu tuge gyaɗa guda mu nuna musu ƙananan ƙululun da ke jikin saiwarta. A tsaga ɗaya da reza. In cikinsa ja-ja ne, to yana aiki: wasu ƙwayoyin halitta ne a ciki suke jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shuka, wato abin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. A nan yaro ke gane abin da ya sa kakansa ke gitta wake a cikin gero, yake kuma juya gona, bana hatsi baɗi gyaɗa. Tsohon ya san dabarar na ci, jikan yanzu ya san ta inda take ci.

Takin zamani ma haka. Kashi 46 cikin 100 na buhun yuriya naitirojin ne, amma in an watsa shi a sarari rana ta buga, iska ke tafiya da wani kaso nasa. Yaranmu da sanda suke huda rami a gefen shuka, su auna da murfin kwalbar lemo, su zuba su rufe. Sun san abin da 15-15-15 ɗin da ke jikin buhun kamfa ke nufi. A zamanin da buhun taki ke neman gagarar talaka, wannan sani kuɗi ne a aljihu.

Da kaka, bayan an yi sussuka an sheƙe, a gaban kowa ake awo. Allah ya gafarta Malam, a nan muke shigar da babin zakka: abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma in ya kai nisabi, abin da aka sha wahalar ban ruwa kuma rabin haka. Wake kuwa ba ma zuba masa magani. Buhun nan mai ruɓi uku muke amfani da shi, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu. Kada a raina wannan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma wanda Turawa suka ƙi, mu ne muke cinye shi a ƙosai da alale.

Da rani akwai ɗan yankinmu na fadama, fangali-fangali na albasa da tumatir da salak. Yaran sun san ruwan da ke gudu a kogin Haɗeja da rani daga madatsar Tiga yake sauko wa, wadda Gwamna Audu Bako ya gina aka kammala a 1974, da kuma ta Challawa. Sun kuma san kogin nan da ke ba su tumatir shi ne ya ci gonaki da gidaje a ambaliyar 2022. Sun san sharon, tsutsar da ta durƙusar da manoman tumatir na Kano da kewaye a 2016, suna gane zanenta a cikin ganye tun kafin ta huda 'ya'ya.

Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin abin da 'yan matan nan suka koyo, don a tsakar gidajenku suke gwadawa. Duk hunturu annoba kan share kajin gari. 'Yan matanmu sun iya ɗiga wa kaza rigakafi a ido, irin wanda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi, kuma har gidajen maƙwabta ake kiransu. Sun iya shanya zoɓo a kan tamfol ba a ƙasa ba, don sun san mai saye yashi yake dubawa kafin ya yi tayi. Sun iya lissafin tiyar gyaɗa: abin da za ta ba da na mai, abin da za ta ba da na ƙuli, a cire kuɗin itace da na niƙa a ga ko an ci riba ko wahala kawai aka sha. Yarinyar da aka kai ɗakinta da wannan sani, an ba ta abin da ba ya fashewa a cikin kayan gara.

Kuma kada a ɗauka wahala ce zalla. Ku zo ranar da aka karyo gero na farko aka hura wuta ana gasa tumu, ku ji ihu. Ku zo muhawarar ranar Alhamis a gindin darbejiya, ku ji yadda ake tada jijiyar wuya kan garmar shanu da tarakta. 'Yan manyan azuzuwa kowa da gayaunarsa, 'yan kunyoyi da sunansa a jikin turke, kuma wanda ya fi kowa da kaka shi ne sarkin noman makaranta na shekarar. Gasar nan har ƙwallo ba ta kai ta zafi ba.

Yanzu ga inda nake tare da masu ƙorafi. Wani uba ya ce, "Boko muka kawo su, in noma ne ai akwai gona a gida." Maganar ba ta faɗo daga sama ba. Muddin yaron da ya makara fartanya ake miƙa masa a ce ya je ya nome kunya goma, to an koya masa cewa noma horo ne, kuma duk abin da aka nuna masa na saiwa da iri ya bi ruwa. Ina roƙon kwamiti ya hana wannan a rubuce. Mai laifi a nemo masa wani horon. In ma za a haɗa horo da gona, to ya zama hana shi shiga gayaunarsa ne na kwana biyu.

Babbar matsalar kuwa ba laifin kowa ba ce a garin nan: kalandar makaranta da ta damina ba sa ga maciji. Ruwan shuka kan zauna mana a watan Yuni, wani lokaci sai Yuli. Mu yi shuka, mu yi noman firi, gona ta fara kyan gani, sai a ba da dogon hutu wajen ƙarshen Yuli. Agusta, watan marka, lokacin maimai da taki na biyu, lokacin da tsutsa ke shiga kan masara, lokacin da wuta-wuta ke fara leƙowa, makaranta a rufe take. A dawo a Satumba a tarar ciyawa ta kai ƙugu, sai mai wucewa ya ce ga gonar 'yan boko nan. Ina kyautata zaton irin wannan gani ne ya sa wasunku suka ce gonar asara ce. 'Yan ajin ƙarshe kuwa tun Mayu jarrabawar WAEC ta ɗauke su, NECO ta biyo baya, ba sa ganin girbin gonar da suka share. Kalandar ba a hannunmu take ba, amma garin a hannunku yake. Yaran nan duk 'yan nan ne da ƙauyukan kewaye. In iyaye suka yarda kowane yaro ya ba gonar makaranta safiya ɗaya a mako lokacin hutu, kashi-kashi, ni zan kasance a wurin, ba kuma zan nemi ko sisi ba. Na san a watan nan kowane uba na buƙatar hannun ɗansa a gandu, shi ya sa ban ce safiya biyu ba. Sarkin Noma kuma in ya kira gayya ɗaya a tsakiyar Agusta, da makaɗi da kunu, maimai ya ƙare kafin azahar, kuma yaran da ba su taɓa ganin gayya ba sun gani.

Sai maganar da ake yi a bayan ido: ina amfanin gonar ke zuwa? Tambaya ce mai kyau, bai kamata kowa ya ji haushinta ba. Shawarata a naɗa ma'aji biyu daga cikin ɗalibai, namiji da mace, a haɗa su da dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga kwamiti. Duk abin da za a kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi, da yara za a je, su ga yadda dillali ke ciniki, su ga la'ada, su ga kuɗin lodi da na mota, ranar Litinin a karanta lissafin a taron safe. Abin da yaro ya noma a gayaunarsa kuwa nasa ne, ya ɗauka ya kai wa mahaifiyarsa.

Ga mai cewa boko ya kawo ɗansa, to wannan ɗin ma boko ne. Aikin gona darasi ne a jarrabawar gama sakandare, kuma a manhajar da aka shigo da ita a 2011 an sa kiwon dabbobi da kiwon kifi cikin darussan sana'a da ɗalibi zai iya zaɓa. Daga nan ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero. Amma mu gaya wa juna gaskiya, ba duk yaran nan ne za su zauna a ofis ba. Da yawa gona za su koma, wasu su tafi ci-rani Legas ko Fatakwal su yi acaɓa ko ga-ruwa. Wanda zai koma gona, gara ya koma da abin da ya ɗara na babansa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin halin gonar haya. Wanda ya karɓi gona na shekara uku ba zai kai mata takin gida ba, don moriyar takin ta mai zuwa bayansa ce. Abin da ya fi kawo kuɗi zai shuka, riɗi a kan riɗi, ya fesa maganin ciyawa, ya kwashe har kara. Itatuwan gawo da ke tsakiyar gonar za su tare wa taraktarsa hanya. Gawo kuwa shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'yan ci. Duk mai shakka ya gwada geron da ke ƙarƙashinsa da na nesa da shi. Ana sare shi kafin hantsi, amma wanda zai maye gurbinsa sai 'ya'yan yaran nan. Kuma ka sha raba rigimar iyaka a zaurenka, ka san yadda haya kan rikiɗe ta zama jingina, jingina ta zama "ai tun zamanin wane muke nomawa." Kuɗin hayar zai ƙare ranar da kafinta ya sauko daga kan rufi. 'Yan aji ɗaya na bana kuwa za su gama ƙaramar sakandare aikin gonarsu duk a allo.

To rufin fa? Harawar da muka tara bana ta isa a turke 'yan raguna. In kwamiti ya sayo ramammu a Maigatari ranar Alhamis, watanni kafin Babbar Sallah, yara za su yi kiwon, ribar ta tafi kan kwanon rufi. Tsofaffin ɗalibanmu na nan a Kano da Kaduna da Abuja, ba a taɓa rubuta musu da sunan gari ba. Takarda zuwa ƙaramar hukuma da ma'aikatar ilimi mai ɗauke da sa hannun Dagaci da Liman ta fi ta shugaban makaranta shi kaɗai nauyi. Malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Jigawa, su ma ana iya gayyatarsu su yi gonar gwaji a wurinmu, manoman gari su amfana. In duk an yi wannan bai isa ba, to a bayar da yankin da ke can bayan kwari, na damina ɗaya tak, a rubuce, da shaidu, bisa sharaɗin ba za a sare itace ko ɗaya ba, kara da harawa na makaranta ne, kuma yara na da damar shiga su koyi abin da mai hayar ke yi.

Abin da nake roƙo a yanzu shi ne kada a sa hannu a wata takarda har sai kwamiti ya zo makaranta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, tare da iyaye mata. Yara da kansu za su zagaya da ku, su kwance buhun waken da aka ɗaure tun kakar bara a gabanku, su karanta muku littafin ƙwai da na awo, ku yi musu duk tambayar da kuka ga dama ba tare da na sa baki ba. Bayan nan abin da kuka yanke, ku ne iyayen gari, za mu bi.

Allah ya ƙara wa Dagaci lafiya, ya kai mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Malamin aikin gona na makarantar.